Motata na gurzar ƙasa a gangaren get, ku ba ni shawara

Mai FR-S:
Salamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da dare. Dan Allah masu ilimin abin ku taimaka min da shawara don wlh abin ya ishe ni. Wata biyu kenan da muka tare a wani gida a Guzape, haya ne, wanda ya san unguwar ya san duk tudu ce da duwatsu, to get ɗinmu yana sama titi yana ƙasa, sai an hau wani gangare na siminti kafin a shiga. Motata Scion FR-S ce 2013, wato dai Toyota 86 da sunanta na Amurka, mai giyar hannu. Tunda muka dawo gidan nan ban taɓa shiga da ita lafiya ba, ina ɗora tayar gaba sai ka ji ƙiiiii bamba na gurzar siminti, in na rufe ido na daure na hau kuma daidai bakin get sai ka ji gum daga ƙarƙashinta kamar an kai mata guduma. Sau biyu ina kai bambar wajen fenti. Corollar madam kuwa tana shiga tana fita ba ruwanta. Yanzu sati uku kenan a waje take kwana, ni kuma duk motsin da na ji da dare sai na leƙa taga. Meye mafita?

Ɗan Kwatano:
Wa alaikumussalam. Mafita ɗaya ce yallaɓai, ka kawo ta na haɗa ka da Hilux, da ita ko Dutsen Zuma ka ga dama sai ka hau 😂

Baban Amira:
Kukan daɗi kenan. Mu muna nan muna lissafin litar da za ta kai mu ofis gobe, wani damuwarsa bamba ta goge. Allah Ya ba mu irin matsalarka

Mai FR-S:
Hhhh amin Baban Amira, amma wlh tokumbo ce ta shekara goma da ɗoriya, kuɗinta bai kai na Camryn da kake hawa ba. Son abin ne kawai tun ina makaranta

Direban Alhaji:
Ƙanena ba sai ka kashe ko sisi ba. Shekarata sha huɗu ina tuƙa manya a garin nan kuma akwai lokacin da maigidana ya yi wata Benz mai ƙofa biyu wadda ko kwalin sigari ka ajiye a ƙasa sai ta kwashe shi, amma ban taɓa goga ta ba. Sirrin shi ne kar ka fuskanci gangaren kai tsaye. Ka buɗe sosai daga ɗaya hannun titi, ka zo a karkace, tayar gaba ɗaya ta fara hawa ta ɗaga wannan kusurwar, sannan ɗayar ta biyo, sai tayoyin gaba duk sun hau kafin ka fara miƙe sitiyari. Kuma a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai, babban kuskuren da mutane ke yi shi ne su zo da ɗan gudu sai sun iso bakin wajen su taka birki, to birkin nan shi ke sa hancin mota ya duƙa, daidai lokacin da kake so ya ɗaga. Ka gama birkinka tun da nisa, ka bari ta daidaita, sannan ka lallaɓa

Mai FR-S:
Na gode Baba. Na gwada karkacewar, tana ragewa gaskiya, amma faɗin gangaren kaɗan ya fi faɗin get, kuma hagu da dama kwata ce a buɗe mai zurfi. Ranar nan saura kamar taƙi ɗaya tayar baya ta faɗa, maigadi ne ya ƙwalla ihu. Ga kuma lallaɓawar, rabin kuloci nake hawa har sai na ji ƙauri

Ɗan Gwarinpa:
Ka shiga da ribas mana. Ni haka nake yi da Lexus IS 250 ɗina a gidanmu kuma ko sau ɗaya ba ta taɓa ba

Oga Bakanike:
Duk wannan wahala ce. Kawo ta gareji a ɗaga ta kawai, a saka mata sifesa a saman shoka gaba da baya, inci ɗaya ko ɗaya da rabi, a canza taya a sa mai ɗan kauri, shikenan. Kullum muna yi wa masu Accord da Camry, motar Turai ba don titinmu aka yi ta ba, dole sai an ɗaga

Bahaushen Texas:
Haba Oga, ka ɗaga 86? To me ya rage kuma a motar? Ai duk daɗinta shi ne kusancinta da ƙasa, injinta ma kwantacce ne irin na Subaru don nauyi ya sauka ƙasa, shi ya sa take cin kwana kamar an manna ta da titi. Doki 200 ne kacal a ciki, ba gudu ake saye ba, kwanar ake saye. In za a ɗaga ta gara ya bi shawarar Ɗan Kwatano

Oga Bakanike:
Yallaɓai kai kana inda titi yake kamar tabarma. Nan in botom ya fashe mai ya zube injin ya buga, kwanar ce za ta biya?

Injiniya:
Salamu alaikum. Kafin a ɗaga mota ko a fasa siminti ina ganin a fara aunawa, don duk muna harbi ne a duhu. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba, tsayin gangare ba shi ke goge mota ba. Mota in tayoyinta huɗu duk suna kan gangare ɗaya miƙaƙƙe, ko ya kai tsayin me, nisan cikinta da ƙasa bai canza ba. Inda ake samun matsala shi ne wajen karyewa, inda shimfiɗaɗɗen wuri ya haɗu da gangare farat ɗaya. Kuma kai wurare biyu gare ka, ka ma faɗa da bakinka: ƙiii na ƙasa hanci ne, gum na sama ciki ne. Cuta biyu ce, maganinsu ba ɗaya ba.
Gobe da safe ka samo tef na magini da dogon katako miƙaƙƙe ko igiya ka auno min waɗannan. Tsawon gangaren daga inda ya fara zuwa bakin get. Tsayin bakin get daga inda gangaren ya fara, ka ɗaure igiya a miƙe da lebur sai ka auna sauka. Sannan ka ajiye motar a shimfiɗaɗɗen wuri ka auna daga ƙasa zuwa leɓen bamba, da kuma daga inda tayar gaba ta taɓa ƙasa zuwa ƙarshen leɓen. Na ƙarshe ka leƙa tsakiyar cikinta ka auna abin da ya fi saukowa. Ka duba min kuma ko titin da kansa yana gangarowa zuwa wajen kwata

Baban Amira:
Tofa, an koma aji. Injiniya a yi mana a hankali mu 'yan adabi ne

Maman Hanan:
Ni dai abin da zan ce kar wanda ya ba ka shawarar farantin ƙarfe ka ɗauka. Mu a Lokogoma maigidana ya sa mai walda ya yi mana wani mai kauri, mutum biyu ke ɗaga shi, aka ɗora a bakin kwata motar na wucewa lafiya lau muna ta murna. Kwana tara ya yi. Ranar na goma muka tashi da asuba ba faranti ba alamarsa, 'yan baban bola sun yi gaba da shi, har da murfin kwatar maƙwabta suka haɗa. Aka sake yin wani aka sa masa sarƙa da kwaɗo, suka tafi da shi da sarƙar da kwaɗon

Ɗan Kwatano:
Hajiya ai kyauta kuka ƙara musu 😂😂

Mai FR-S:
Barkanmu da safiya. Injiniya ga abin da na samu, ni da maigadi muka auna bayan asuba. Tsawon gangare mita 3 cif. Bakin get ya fi ƙasan da santi 60. Leɓen bamba santi 11 daga ƙasa, daga taya zuwa ƙarshen leɓe santi 80. A ciki abin da ya fi saukowa wajen salansa ne, santi 10 da rabi, kuma na ga duk ya goge yana ƙyalli. Titi yana gangarowa wajen kwata, na ɗora lebur a katako mai mita ɗaya na ga kamar santi 3. Wani abu kuma da ban taɓa kula ba sai yau, get ɗin mai turawa ne, ƙarfen da yake gudu a kai yana daidai kan tudun kuma ya ɗago sama da siminti wajen santi 2, shi ma samansa ya goge fes

Injiniya:
Madalla, yanzu muka san inda muke. Santi 60 a mita 3, kenan duk mita ɗaya gangaren na hawa santi 20. Titi kuma yana saukowa santi 3 a mita, to hancin motarka na kallon ƙasa da wannan ukun lokacin da ka iso, sai a haɗa, karyewar ta zama 23. Yanzu tayar gaba na daidai bakin gangare, leɓe ya riga ya shige gaba da santi 80, a wannan nisan siminti ya taso santi 18 da 'yan kai. Leɓenka 11. Giɓin santi 7 kenan. Abin da hancin motarka zai iya haɗiyewa a yadda take yanzu shi ne 11 a raba da 80, wajen 14 a mita, kai kuma kana ba ta 23.
To Oga Bakanike ka duba, inci ɗaya santi biyu da rabi ne. Tayar motar nan ta asali 215/45 ce a rim 17, in ka mayar da ita 215/50 abin da za ka samu santi ɗaya ne da ɗan kaɗan, kuma agogon gudu zai riƙa nuna ƙasa da gaskiya da kusan kashi 3 cikin 100. Ka haɗa duka uku da rabi, ana neman bakwai. An kashe kuɗi an ɓata mota kuma tana nan tana gogawa.
Na sama kuma lissafinsa daban. Tsakanin tayar gaba da ta baya a motar nan mita 2 da santi 57 ne. Idan tayar gaba ta shiga gida ta baya na kan gangare, karyewar tudun tana zuwa daidai tsakiyar ciki. Yadda ake ƙiyasta shi, ka ninka tsayin ciki sau huɗu ka raba da wannan tazarar. 10 da rabi sau huɗu 42, a raba da 2.57, ya ba ka 16 da ɗan kai. Tudunka 20 ne, ga kuma ƙarfen get ya ƙara santi 2 a daidai wurin da ba a so. Dole ta buga

Ɗan Gwarinpa:
To ribas ɗin da na ce fa Injiniya? Ba wanda ya tanka min

Injiniya:
Yi haƙuri ɗan uwa. Nawa ne tsawon gangaren gidanku?

Ɗan Gwarinpa:
Bai fi taku biyu ba, ɗan tudu ne a kan kwalbati

Injiniya:
Shi ya sa. In gangaren bai kai tsawon tazarar tayoyi ba, tayar baya na gama hawa ta daina ɗagawa tun motar ba ta karkata sosai ba, sai hanci ya tsira. Nashi mita 3 ne, ya fi tazarar tayoyinsa. In ya shiga da baya, lokacin da tayar gaba za ta iso bakin gangare motar gaba ɗaya ta riga ta kwanta a kan gangaren, hanci na caccakar titi da wannan 23 ɗin dai. Maimakon ya goga siminti sai ya goga kwalta, bambancin kenan. Kuma in leɓen ya kama ƙasa kana ja da baya, turo bambar waje yake yi, nan ne ake ɓalle ta gaba ɗaya

Mai FR-S:
Wlh haka ne, na taɓa gwadawa, kilif biyu suka ɓalle a ranar

Direban Alhaji:
Injiniya lissafinka ban musa ba, amma karkacewar nan dai tana aiki, da idona na gani shekara da shekaru

Injiniya:
Tana aiki ƙwarai Baba, ba na ja da kai. In ka yanki gangare a rabin kwana, 20 ɗin nan tana komawa wajen 14, ga shi kuma taya ɗaya ta riga ta ɗaga kusurwa. Matsalar wurinsa ne ba fili, kwata hagu da dama. Da gangaren na da fuka-fuki a ƙasa da shawararka kaɗai ta ishe shi a nan ƙasan

Oga Bakanike:
Ku tsaya. Ni wani abu ne ya tsaya min. Santi 10 da rabi? Motar nan daga kamfani wajen santi 13 take zuwa. Ina sauran suka tafi? Ko shoka ta mutu ko kuma wanda ya riƙe ta a can ya sauke ta. Ɗan uwa ka karya sitiyari gefe ɗaya ka haska tocilan waya ta bayan taya ka gaya min kalar sifirin, wato murɗaɗɗen ƙarfen nan da ke jikin shoka

Mai FR-S:
Ja ne Oga. Ja wur, har da wani rubutu a jiki

Oga Bakanike:
Alhamdulillahi. Na asali baƙi ne. An canza mata sifirin an sa gajeru, yaran Amurka haka suke yi wa motar nan, su sauke ta inci ɗaya su liƙa mata leɓe. Duba leɓen ma, na tabbata da sukurori aka ɗaure shi a ƙasan bamba

Mai FR-S:
Innalillahi. Shekara biyu ina hawa ban sani ba, na ɗauka haka take. Eh leɓen daban yake, baƙar roba ce da sukurori. Wanda ya sayar min ce min ya yi ba a taɓa komai ba a jikinta

Ɗan Kwatano:
Ba ni ba ne dai ko 😂 a rubuta a ajiye

Bahaushen Texas:
To nan kam na sauko Oga, mayar da ita yadda kamfani ya yi ta daban, ɗora sifesa daban. Sifirin na Subaru BRZ ma zai shiga tunda tagwaye ne, sai dai ƙarfinsu ya ɗan bambanta, in za a sa a sa saiti ɗaya duka huɗu kar a gauraya. Kuma a yi alaimen bayan an gama in ba haka ba taya za ta cinye ta gefe ɗaya.
Nan ma fa kar ku ɗauka ba mu da matsalar, gidaje da yawa hanyar garejinsu haka take, har gidajen mai. Shi ya sa manyan motocin yanzu suke zuwa da maɓallin ɗaga hanci. Corvette ɗin da ta fito 2020 in ka danna tana ɗaga gaba wajen santi 4 cikin daƙiƙa uku, kuma tana iya haddace wurare har 1000 da GPS, in ta iso ƙofar gidanka da kanta take ɗagawa ba sai ka taɓa komai ba. Porsche 911 ma ana sa mata irinsa in ka biya. Akwai na kasuwa da ake ɗaurawa kowace mota, na iska, amma kuɗinsa da na kawowa da wanda zai gyara in ya lalace a Abuja, ban ba ka shawara ba

Baban Amira:
Mota ta haddace wuri dubu, ni ko lambar madam ban haddace ba

Injiniya:
Ka lura ma ko santi 4 ɗin Corvette bai cike giɓin 7 ba. Gangaren nan ko wace mota ce mai ƙasa sai ta sha wuya, wanda ya zuba shi jif yake tunani.
Oga Bakanike ya gano rabin maganin, na sara masa. In ciki ya koma 13, sau huɗu 52, a raba da 2.57, ya ba ka 20 da ɗigo. Kenan daidai wa daida da tudun, ba rara, in mutum biyu suka zauna ko tanki ya cika za ta iya shafa. To sai an taɓa saman kaɗan: a nutsar da ƙarfen get ya yi daidai da siminti, a kuma sassaƙe karyewar tudun ta zama kamar bayan kunkuru maimakon kaifi, ko rabin mita ta kowane gefe aka kwantar ya wadatar.
Ƙasan kuma cikowa ake yi. A auna mita ɗaya daga karyewar zuwa wajen titi, mita ɗaya zuwa sama, a ja igiya tsakanin wuraren biyu, a cike abin da ke ƙarƙashin igiyar. A tsakiya kaurin zai kai santi 11 zuwa 12, yana sirancewa ta gefe biyu. Karyewa ɗaya mai 23 ta zama biyu masu 11 da rabi kowace. Ba ni na ƙirƙiro ba, a ƙa'idar gina wuraren ajiye mota ta Ostareliya ma haka suka tsara, in karyewar tudu ta wuce 12 da rabi ko ta kwari ta wuce 15 sai an sa matsakaicin gangare na mita 2 a tsakani. Da motar za ta zauna yadda take yanzu da mita 2 ɗin ma da ƙyar za ta sha, sai an kai biyu da rabi, amma in an mayar da sifirin ya isa har da rara

Magini Na Kubwa:
Injiniya ka yi magana amma bari na ƙara abin da mu muke gani a wajen aiki. Sabon siminti in ka shafa shi a kan tsoho ya sirance kamar bakin wuƙa, wata ɗaya ba zai yi ba zai fara ɓarewa daga bakin, taya na takawa yana tashi kamar ƙanzo. Sai an yanka tsohon da injin yanka an fasa an zurfafa bakin ko santi 7 ne, a wanke ƙura, a jiƙa, sannan a zuba. Kwaɓi ɗaya biyu huɗu, siminti yashi tsakuwa, a sa waya a ciki. Kar a goge saman ya yi santsi, a ja tsintsiya a kai tun yana ɗanye don motar nan da baya take ja, ranar ruwa za ta yi ta wulwula taya a wajen. A yi ta ba shi ruwa kwana bakwai kafin mota ta taka, ƙarfinsa na gaske ma sai kwana 28. Mutanenmu yau a zuba gobe a hau, jibi a ce magini ya ci siminti

Maman Hanan:
Kuma dan Allah a bar wa ruwa hanya. Wani maƙwabcinmu haka ya cike gaban gidansa har ya toshe kwata, damina na zuwa ruwan layin gaba ɗaya ya juyo gidajen mutane, har yau ba a gaisawa da shi

Injiniya:
Gaskiyar Hajiya. Kwatar na ƙarƙashin silab, ba za a taɓa cikinta ba, amma ruwan da ke bin gefen titi yana buƙatar inda zai faɗa, a bar masa rami ta gefe biyu ko a binne fayif. Kuma mita ɗayan nan na waje ya tsaya a kan silab ɗin gidan, kar ya hau kwalta, in ya hau titin hukuma wata rana za ka tashi ka ga jan fenti

Mai FR-S:
Daga karyewar zuwa bakin kwalta mita ɗaya da santi 20 ne, kenan ya isa. Matsalar yanzu mai gidan. Dattijo ne mai tsari, ko ƙusa za ka buga sai an gaya masa, ban san yadda zai ɗauki zancen fasa masa gaban gida saboda motar yara ba, don haka yake kiranta

Direban Alhaji:
Kar ka je masa da zancen fasawa. Ka sa a fara gwadawa da katako ya gani da idonsa. Katakon rufi masu kauri guda huɗu, biyu biyu a kan juna kamar matakala, na ƙasa ya fi na sama tsawo, a fere bakinsu, a jera a daidai inda tayoyi ke bi. In ta wuce shiru ka san lissafin Injiniya ya yi, in ba ta wuce ba ka yi asarar katako kawai. Amma kar kowa ya tsaya a bayan motar, tayar baya in ta wulwula tana harba katako kamar kibiya, na ga ya fasa wa wani ƙauri

Baban Amira:
Sai dai a ƙara wa maigadi albashi, ya zama maigadi kuma mai shimfiɗa 😂

Oga Bakanike:
Ni dai a fara kawo motar. Kuma ka yi sauri, gogewar nan da kake gani a salansa in ta ci gaba wata rana indomin, wato matacin hayaƙin da ke jikin salansa, za ta taɓa, ka je ka tambayi kuɗinsa a Apo ka dawo ka ba mu labari

Mai FR-S:
Salamu alaikum, na dawo da rahoto bayan kwana goma sha biyu. An samo sifirin na asali a Apo, na wata da ta yi hatsari ta baya, Oga Bakanike ya sa yaransa suka ɗaura aka yi alaimen, ciki ya dawo 13 saura kaɗan. Leɓen ma na sa an kwance, zuciyata ba ta so ba amma na adana shi a sito. Da wannan kaɗai ƙarar ƙasa ta koma ɗan shafa, in na ɗan karkace kamar yadda Baba ya koya min ma shiru. Da muka jera katako kuwa kai tsaye na shiga ko ƙis, maigadi har tafi ya yi. Na sama ne dai har yanzu in madam na ciki sai ta taɓa ƙarfen get, jiya na ce ta ɗan sauka na shiga, kallon da ta yi min ba sai na faɗa ba, a Corollarta ta ce za ta riƙa bina.
Mai gida ya zo ranar Asabar, na nuna masa da katako da babu katako. Ya yi shiru yana kallo, can sai ya ce ashe shi ya sa Benz ɗin surukinsa ba ta shigowa in sun zo, a waje suke barinta shi yana ganin raini ne. Ya yarda a cike ƙasan a nutsar da ƙarfen, ni zan biya, ba za a cire a kuɗin haya ba, kuma in zan tashi ba zan ce a biya ni ba. Sassaƙe tudun ne ya ce a dakata sai ya kira wanda ya yi masa intalok na ciki

Injiniya:
Ma sha Allah. A fara da ƙarfen, santi 2 ɗin nan mai yiwuwa shi kaɗai ne ya rage. In an nutsar da shi a bar ɗan rami gefe da gefe don tayar get ta samu wajen gudu, kuma a riƙa share yashi a ciki

Magini Na Kubwa:
Kwana bakwai fa yallaɓai. Ba shida ba

Mai FR-S:
To ai matsalar kenan, kwana bakwai ba mota ɗaya da za ta shiga ko ta fita, har ta madam da ta mutanen sama. Ban gaya musu ba tukuna

Magini Na Kubwa:
A zuba rabi rabi mana, hagu wannan satin dama sati mai zuwa

Mai FR-S:
Faɗin bai kai mota ta bi ta rabi ba, na auna

Ɗan Gwarinpa:
In an gama dan Allah kar ka yar da katakon, akwai wani gidan abokina a Asokoro da nake ajiye mota a waje na taka, zan zo na karɓa

Ɗan Kwatano:
Jajayen sifirin ɗin fa, nawa za ka bar min? Akwai wani yaro da ke damuna yana so a sauke masa tashi